Zaɓen Samfefa da Sauran Kayan Injin Goge Katako

Duk wanda ya bi ta unguwannin Jambutu, Doubeli ko Luggere a cikin Jimeta zai ga rumfunan kafintoci a gefen titi. A gaban kowace rumfa an jera gadaje da kujeru da tebura da ƙofofi. Wasu suna sheƙi kamar madubi, wasu kuwa fari fat suke, suna jiran fenti. Idan mutum ya tsaya ya kasa kunne, zai ji ƙarar zarto da bugun guduma, sa'an nan zai ji wata ƙara mai kama da kukan ƙudan zuma. Wannan ita ce ƙarar injin goge katako.

Yola tsohon gari ne. Modibbo Adama ne ya kafa shi a shekarar 1841, kuma a can fadar Lamiɗon Adamawa take har yau. Jimeta kuwa, wadda ke bakin Kogin Binuwai, ita ce matattarar ofisoshi da kasuwanci. Tun da aka kafa Jihar Adamawa a shekarar 1991, garuruwan biyu suke ta bunƙasa. Sababbin gidaje suna buƙatar ƙofofi, makarantu suna buƙatar bencina, iyayen amare kuma suna buƙatar kayan ɗaki. Saboda haka aikin kafinta sana'a ce mai ci, kuma matasa da yawa suna koyon ta.

A wannan darasi za mu duba mataki ɗaya daga cikin aikin, wato gugar katako da inji. Mutane da yawa suna zaton injin ne yake kawo santsi. Gaskiyar magana ita ce, inji motsi kawai yake bayarwa. Abin da ke cin katakon shi ne samfefa, abin da ke riƙe samfefar kuma shi ne tafin injin. Idan aka yi kuskure wajen zaɓen waɗannan biyu, injin da ya fi kowane tsada ma zai ɓata aiki.

Me ya sa gugar take da muhimmanci?

Mu ɗauka wani uba ya ba kafinta aikin gado da teburin madubi domin bikin 'yarsa. Kafinta ya sayi katakon maɗaci mai kyau, ya yanka, ya haɗa. Saura kwana biyu a zo ɗauka, sai ya ce wa yaronsa ya goge. Yaron ya ɗauki samfefa mai kaushi ƙwarai, ya goge sau ɗaya, ya shafa da hannu, ya ji kamar ya yi sumul. Da aka shafa banish, sai ga ƙananan zane-zane masu kama da wutsiyar alade sun bayyana a ko'ina. Banish ba ya ɓoye karce, fito da shi yake yi. Yanzu dole a kankare banish ɗin duka a sake. An yi asarar kuɗin banish, an yi asarar kwana biyu, kuma mai yiwuwa an yi asarar mai ciniki. Sauri ya haifi nawa.

Daga ganyen ɓaure zuwa samfefa

Kafin zuwan samfefa, masassaƙa a wurare da yawa na Afirka ta Yamma suna goge akushi da allo da ludayi da ganyen wani irin ɓaure mai kaushi. Dabarar ita ce dai ta yau: a goga abu mai kaushi a kan itace har ya cinye tudun da ke jikinsa. A ƙasar Sin, tun ƙarni na 13 ake manna dakakken bawon kifin kwari da yashi a jikin takarda. A birnin Landan, kamfanin John Oakey ya fara yin takardar guga da garin gilashi wajen shekarar 1833. A shekarar 1921 kuma kamfanin 3M na Amurka ya fito da irin wadda ruwa ba ya lalata ta.

Ko da yake sunanta ya samo asali daga kalmar Turanci mai nufin takardar yashi, samfefar zamani ba yashi ba ne a jikinta. Abu uku ne suka haɗu suka yi ta: tsakuwar da ke cin katako, bayan da aka manna tsakuwar a kai, da gam ɗin da ya haɗa su. Mai saye yana bukatar ya san kowanne.

Lambar da ke bayan samfefa

Idan kuka juya samfefa, za ku ga lamba, kamar P40, P80, P120 ko P220. Wannan lamba tana nuna girman tsakuwar. Ana tankaɗe tsakuwar ne da rariya, kamar yadda ake tankaɗe gari. Rariya mai manyan ƙofofi tana da ƙofofi kaɗan a kowane inci, mai ƙananan ƙofofi kuwa tana da su da yawa. Don haka ƙaramar lamba tana nufin babbar tsakuwa mai kaushi, babbar lamba kuma tana nufin ƙaramar tsakuwa mai laushi. Tsakuwar P40 ta ɗan gaza rabin milimita. Ta P80 kusan kashi ɗaya ce cikin biyar na milimita. Ta P120 kashi ɗaya ce cikin takwas, ta P220 kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma sha biyar.

Harafin P yana nuna cewa an bi ma'aunin ƙasashen Turai. Amurka tana da nata ma'aunin, wanda ake rubuta lamba kawai ba tare da harafi ba. Daga ƙasa har zuwa wajen 220, ma'aunan biyu kusan ɗaya suke. Daga nan sama sai su rabu. Alal misali, lamba 400 ta Amurka ta fi P400 laushi sosai, domin ta yi kusa da P800. Tun da kayan da ke shigowa kasuwanninmu daga ƙasashe daban-daban suke, ya kamata mai saye ya duba ko akwai harafin ko babu.

Ga yadda ake raba aikin lambobin:

P40 zuwa P60: kankare tsohon fenti da rage tudun da zarto ya bari.
P80 zuwa P100: daidaita fuskar katako bayan an fere shi.
P120 zuwa P150: share karcen da lambobin baya suka bari.
P180 zuwa P220: gugar ƙarshe kafin fenti ko banish.
P320 zuwa P400: guga mai sauƙi tsakanin shafi ɗaya na banish da na biye.

Hawa tsani

Kowace samfefa karce take yi. Aikin ta biye shi ne ta share karcen ta baya, ta bar nata wanda ya fi ƙanƙanta, har a kai ga karcen da ido ba ya gani. Wannan kamar hawa tsani ne. Wanda ya tsallake matakai uku zai faɗi. Idan aka tashi daga P60 aka tafi P220 kai tsaye, ƙaramar tsakuwar za ta goge saman katakon ne kawai, zurfafan karcen kuma suna nan a ƙasa suna jiran banish. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce kada a tsallake fiye da lamba ɗaya. Ga yawancin kayan ɗaki, P80, sa'an nan P120, sa'an nan P180 sun isa.

Akwai wata dabara mai sauƙi ta gane lokacin canji. A ɗauki fensir a yi zane a hankali a kan fuskar katakon duka. A goga har zanen ya ɓace ko'ina. Inda zanen ya rage, akwai kwari a wurin. Idan ya ɓace duka, a share ƙurar, a sake zanawa, a koma lamba ta gaba. Sharewar tana da amfani, domin tsakuwa ɗaya ta P80 da ta faɗo ta zauna a kan katako za ta iya shiga ƙarƙashin P180 ta yi ɓarna.

Haka kuma, wuce gona da iri kuskure ne. Idan za a shafa wa katako launi, kada a wuce P180 ko P220. Guga mai laushi ƙwarai tana toshe ƙofofin itacen, sai launin ya ƙi shiga sosai. Shi kuma fulawud, fatar da ke samansa sau da yawa ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba. Idan aka sa masa P60 a inji, cikin ɗan lokaci za a huda fatar, kuma wannan ba ya gyaruwa. A fara shi da P150 ko P180.

Irin tsakuwa da irin katako

Tsakuwar da aka fi amfani da ita a aikin katako ita ce aluminiyam oksayid. Tana da ƙarko, kuma farashinta madaidaici ne. Sau da yawa launinta ja ne ko ruwan ƙasa. Ta biyu ita ce silikon kabayid, wadda wani Ba'amurke mai suna Edward Acheson ya gano yadda ake haɗa ta a shekarar 1891. Baƙa ce ko ruwan toka. Ta fi ta farko kaifi, amma tana saurin farfashewa. Ita ce masu fentin mota ke jiƙawa da ruwa su goge jikin mota. A aikin kafinta, ta fi dacewa da guga tsakanin shafe-shafen banish. Akwai kuma zakoniya da siramik, waɗanda suka fi tsada, kuma suka fi dacewa da babban aiki a kan katako mai tauri. Amma a lura: launi ba hujja ba ne, domin kamfanoni suna rina kayansu yadda suke so. A karanta rubutun da ke jikin kwali.

Bayan irin tsakuwar, sai yadda aka barbaɗa ta. Wata samfefar an rufe fuskarta duka da tsakuwa. Wata kuma an bar fili tsakanin tsakuwoyin, ta yadda suka rufe kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku na fuskar. Mai cikakkiyar fuska ta fi saurin ci a kan katako mai tauri kuma busasshe. Mai fili kuwa ba ta saurin toshewa, domin ƙura tana samun wurin fita.

Yanzu mu dubi katakon da kafintocin yankinmu suka saba da shi. Maɗaci yana da matsakaicin tauri, kuma yana karɓar guga da kyau. Loko kuwa, wani lokaci akan sami dunƙulen farar ƙasa mai tauri kamar dutse a cikinsa, wanda ke dakushe kayan aiki da wuri. Don haka yana buƙatar samfefa mai ƙarko. Obece fari ne mai laushi, samfefa mai kaushi tana cinye shi da sauri, sai a fara shi da P100 ko P120. Malaina tana daɗewa ba ta bushe ba, kuma ɗanyen katako yana toshe samfefa nan da nan. Maje yana da ƙaro, saboda haka mai fili tsakanin tsakuwoyi ce ta dace da shi. Maɗobiya kuwa itace ne mai tauri da kyawun launi, amma an sare shi da yawa a Jihar Taraba da maƙwabtanta domin kai wa ƙasashen waje. Tun shekarar 2017 yana cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa ido a kan cinikinsu. Wanda ya sami katako mai daraja irin wannan, bai kamata ya mayar da rabinsa ƙura saboda rashin sanin lamba ba.

Kowane inji da samfefarsa

Injinan guga iri huɗu ne aka fi gani. Na farko shi ne mai bel. Samfefarsa zobe ce da ke zagaya wasu gangunan ƙarfe biyu. Yana ci da sauri, don haka ya dace da manyan allunan ƙofa da tebur. Bel ɗinsa bayan ƙyalle gare shi, ba takarda ba, kuma dole faɗinsa da tsawonsa su yi daidai da injin. Girman da aka saba gani su ne milimita 75 da 533, da kuma milimita 100 da 610. A cikin bel da yawa akwai kibiya da ke nuna inda zai fuskanta. Idan aka juya shi, mahaɗinsa zai iya ɓallewa. Wannan inji ana tura shi ne bisa layin itacen, wato layukan da suka bi tsawon katakon. Idan aka gitta layin, karcen zai yi zurfi.

Na biyu shi ne mai tafi mai kusurwa huɗu, wanda ke karkarwa a wuri ɗaya. Amfaninsa shi ne araha, domin falle ɗaya na samfefa mai girman milimita 230 da 280 ana iya yanka shi biyu, ko uku, ko huɗu, gwargwadon girman tafin, a maƙala da ƙarfen riƙo. Yana shiga lungu, amma ba ya ci da sauri.

Na uku shi ne mai zagayayyen tafi, wanda ke juyawa kuma yana karkarwa a lokaci guda. Saboda motsin nan biyu, tsakuwa ba ta bin hanya ɗaya sau biyu, don haka karcensa bai cika fitowa ba. Shi ne ya fi dacewa da kayan ɗaki. Samfefarsa zagayayya ce kamar faifai, mai faɗin milimita 125 ko 150, wato inci biyar ko shida.

Na huɗu ba injin katako ba ne tun asali. Shi ne giranda ta masu walda, wadda kafintoci da yawa ke ɗaura wa faifan guga domin ita suke da ita. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, kuma juyin nata hanya ɗaya yake bi. Tana ƙona katako, tana haƙa rami, tana barin zagayayyen karce. Ta dace da sassaƙa da kankare tsohon fenti, ba da gugar ƙarshe ba. Wanda zai yi amfani da ita ya duba adadin juyin da aka rubuta a jikin tafin da zai ɗaura. Idan bai kai gudun girandar ba, tafin zai iya tarwatsewa ya ji wa mutum rauni.

Tafin inji

Tafi shi ne ɓangaren da ke tsakanin inji da samfefa. Hanyoyi biyu ne ake manna faifai a jikinsa. Ta farko ita ce ta gam: a ɓare takardar bayan faifan, a liƙa. Yana kwanciya sumul, kuma yana da araha, amma idan aka cire shi ba ya sake mannuwa. A zafin Yola, wanda a watannin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, gam ɗin faifan da aka ajiye a rana yana lalacewa. Idan kuma aka bar faifan a jikin tafi ya kwana, cire shi sai da wahala. Gara a ɓare shi da zarar an gama aiki, tun yana da ɗumi.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙananan ƙugiyoyi, wadda aka fi sani da sunan Velcro. Duk wanda ƙarangiya ta taɓa maƙale wa a wando ya riga ya san yadda take aiki. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya lura a shekarar 1941 da yadda irin wannan ƙaya ta maƙale a gashin karensa, daga nan ya ƙirƙiro dabarar. Jikin tafi yana da dubban ƙugiyoyin roba, bayan faifai kuma yana da gashi. Ana iya cire P80 a sa P120, daga baya a mayar da P80 ɗin. Abokin gabar ƙugiyoyin shi ne zafi. Idan ana danna inji da ƙarfi, ko ana aiki da dakusasshen faifai, ƙugiyoyin za su narke, faifai ya riƙa tashi sama ana tsakiyar aiki. A nan laifin ba na faifan ba ne, tafin ne ya mutu. Akwai wani siririn shimfiɗi da ake sawa tsakanin tafi da faifai domin ya kare ƙugiyoyin. Shi ne zai lalace a maimakon tafin, kuma ya fi tafin araha nesa ba kusa ba.

Tafi kuma yana zuwa da tauri iri uku. Mai tauri ya dace da shimfiɗaɗɗen wuri kamar saman tebur, domin ba ya lanƙwasawa, kuma ba ya cinye kaifin gefe. Mai laushi ya dace da wuri mai lanƙwasa kamar hannun kujera ko kan gado mai ado. Matsakaici shi ne wanda yawancin injina ke zuwa da shi. Wanda ba shi da halin sayen tafi biyu, zai iya sayen soson da ake liƙawa tsakanin tafi da faifai, wanda ke mayar da tafi mai tauri ya zama mai laushi.

Abu na ƙarshe game da tafi shi ne ramuka. Ta cikinsu ne inji ke zuƙe ƙura ya tura ta jaka. Tafi mai milimita 125 yawanci ramuka takwas gare shi, amma akwai masu biyar, kuma na milimita 150 sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Idan ramukan faifai ba su hau kan na tafi ba, ƙura za ta taru a ƙasa, ta dunƙule, ta yi zanen wutsiyar aladen nan da muka ambata. Saboda haka idan za ku sayo faifai a Kasuwar Zamani ta Jimeta, ku tafi da tsohon faifai ko tafin kansa ku gwada. Akwai kuma samfefa mai kama da raga, wadda ƙura ke ratsa ta ko'ina, don haka tana dacewa da kowane tsarin ramuka.

Kayan kare lafiya

Ƙurar katako ba datti ba ne kawai. A shekarar 1995, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta cikin hanci. Ƙurar loko kuma an san ta da jawo asma da ƙaiƙayin fata ga wasu mutane. Tsohon fenti ma yana iya ƙunsar dalma, wadda guba ce, musamman ga yara. Hankici ko rawanin da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙurar da ta fi ƙanƙanta, wadda ita ce ke isa huhu. Ana buƙatar takunkumi mai alamar N95 ko FFP2, wanda ya kama fuska sosai. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta riga ta cika da ƙura, buƙatar ta fi yawa.

Sai tabarau mai kare ido, da abin toshe kunne ga wanda zai yi awoyi yana aiki. Jakar ƙura kuma a riƙa zazzage ta tun kafin ta cika, kuma kada a bar ta da ƙura a rumfa da dare, domin ƙurar da ta haɗu da banish tana iya kamawa da wuta. Rigakafi ya fi magani.

Wuta da ajiya

Wutar lantarkin Nijeriya volt 230 ce. Injinan gwanjo da suka fito daga Amurka kuwa yawancinsu na volt 120 ne. Idan aka jona irin wannan kai tsaye, ko da wutar gari ko da janareta, zai ƙone. Kafin a biya kuɗi, a karanta ɗan allon da ke jikin injin. Haka kuma a tambayi mai sayarwa ko ana samun tafinsa da gawayin cikinsa a gari, domin inji mai kyau wanda babu kayan gyaransa, kwanansa kaɗan ne.

Ajiya ma tana da ƙa'ida. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, laima tana yawa a garuruwan bakin Binuwai. Takardar samfefa tana shan laimar ta nannaɗe, gam ɗinta kuma ya yi rauni. A ajiye ta a kwance cikin akwati ko bokiti mai murfi, nesa da rana, kowace lamba a wurinta. Faifan da ƙura ta toshe ba lallai ne ya mutu ba. Idan aka goga masa guntun ɗanyar roba yayin da inji ke juyawa, zai buɗe. Amma idan aka shafa shi da yatsa aka ji tsakuwar ta dakushe, a jefar da shi.

A kan farashi kuwa, Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mu ɗauka faifai mai araha rabin kuɗin mai kyau ne, amma sai an kashe uku kafin mai kyau ɗaya ya mutu. Wanda ya sayi mai arahar ya biya kuɗin mai kyau ɗaya da rabi, ga ɓata lokaci wajen canji, ga man janareta da ya ƙone a banza.

Kafin kafinta ya kunna inji, sai ya amsa tambayoyi huɗu. Wane irin katako ne wannan, kuma ya bushe? Da wace lamba zan fara, da wace zan gama? Wurin shimfiɗaɗɗe ne ko mai lanƙwasa? Ramukan faifaina sun hau kan na tafi? Idan ya amsa su, sai ya sa takunkumi, ya ɗora injin a kan katako ba tare da dannawa ba, ya tafi da shi a hankali, kamar inci ɗaya a kowace daƙiƙa. Nauyin injin kansa ya isa.

Ma'anar wasu kalmomi

Kaushi: rashin santsi.
Karce: zanen da abu mai tsini ya bari a jikin wani abu.
Rariya: abin tankaɗe gari.
Ƙarko: daɗewa ba tare da lalacewa ba.
Dakushe: rasa kaifi.
Laima: danshin da ke cikin iska ko ƙasa.
Gwanjo: kayan da aka riga aka yi amfani da su kafin a sayar.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne suka haɗu suka yi samfefa?
2. Tsakanin P60 da P180, wacce ce ta fi kaushi? Me ya sa?
3. Me ya sa aka kwatanta canjin lambobi da hawa tsani?
4. Wane irin tafi ne ya dace da saman tebur, wane ne kuma ya dace da hannun kujera?
5. Kawo illoli biyu na ƙurar katako da hanyoyin kare kai daga gare su.
6. Bayyana ma'anar waɗannan karin magana, ka kuma yi amfani da kowanne a cikin jimla: "Sauri ya haifi nawa" da "Araha ba ta ado".

Aikin gida

Ku ziyarci rumfar kafinta mafi kusa da ku. Bayan gaisuwa da neman izini, ku tambaye shi da Hausa irin katakon da ya fi amfani da shi, da lambobin samfefar da yake bi, da yadda yake kare kansa daga ƙura. Ku rubuta abin da kuka ji a cikin sakin layi uku, ku karanta wa 'yan ajinku.